Dogon Kwali Cikin Sukarin Azumi

Ku bar ni in zauna tukuna. Ƙafafuna sun kumbura, kaina yana sarawa. Masu aiko mini da saƙo kuna cewa, "Madam Safina, girman kai zai hana ki aure," na gan ku, ba sai kun sake ba. Inna ta riga ku faɗa, kuma ta fi ku iya faɗa.

Ga wanda yau ya fara karanta ni: sunana Safina, ina koyar da kimiyya a wata kwaleji nan Agiye, 'yar kwantiragi ce ni. Ƙannena mata biyu sun yi aure sun bar ni a ɗakin da muka taso. Ba wanda ya ce mini dole sai wane. Baffa Haladu, wanda ya tsaya mana tun rasuwar Baba, abin da ya ce kawai shi ne in ba Rabilu, mai nemana, amsa kafin Sallah, ko i ko a'a, ɗan mutane ya daina ƙona mai tsakanin Gazawa da Agiye. Ku nake faɗa wa, a gida ban faɗa ba: i nake son cewa. Abin da ya riƙe ni bakina ne. Ban iya ganin abu a karkace in yi shiru ba, kuma duk waɗanda suka zo kafin Rabilu a kan wannan suka tafi. Ɗaya ma a kan husufin wata muka rabu, don na ce masa inuwar duniya ce.

To ga abin da ya faru.

Tun bara nake neman madubin hangen nesa, irin wanda ake kallon wata da taurari. Na gaji da zana tauraron Zuhal mai zobe a tablo, allon aji, da alli. Na gaji da ɗaga lemo a hannu ɗaya, tocila a ɗaya, ina ce wa yara, "Ku ɗauka wannan ita ce duniya." Suna rubutawa, suna haddacewa, suna cin jarrabawa, amma a idonsu nake gani, sun ɗauke shi tatsuniyar Turawa. Ina son ko sau ɗaya su sa ido su ga ramukan wata da kansu.

Mai albashin kwantiragi ba ta sayen abu sau biyu, shi ya sa na yi watanni ina zaɓe. Na cika wayata da hotuna har ta fara nauyi. Wanda ya warware mini shi ne Mushe Gado, tsohon malaminmu na kimiyya da ya yi ritaya ya koma Gidan Rumji. Ba ya rubutu a waya, sai saƙon murya, ana jin awakinsa a baya.

"Ɗiyata, saurara da kyau," in ji shi. "Kada ki kula da lambar da an ka rubuta bisa kwali. Wanga mai cewa shina ƙara girman abu sau ɗari biyar, sau ɗari shidda, don a ruɗi mai saye ne. Bakin madubin za ki duba. In shina da faɗi, shina shan haske da yawa, sai ki ga abu tas. Bayan baki, sai ƙafa. Madubin da ƙafatai ke rawa, ko daga Makka ya hito, bar shi inda ki gan shi."

Da wannan na tace su ɗaya bayan ɗaya, har na tsaya a kan wani gajere mai kauri, kamar turmin dakan yaji, zaune bisa gindin katako, ana ɗora shi a tebur. Ba shi da kyan gani ko kaɗan. Gwanjo ne ma, wata mata a Yamai ke son rabuwa da shi. In na haɗa kwasar adashena, na haƙura da ɗinkin Sallah, zai kai. Sai dai Inna ta riga ta raba kuɗin adashen nan a zuciyarta: katifa, kuloli, labule.

"Turmi?" ta ce da na nuna mata hoton. "Muna da turmi biyu a gidan nan, Safina. Aƙalla su ana daka a ciki."

Kuskurena ɗaya, na sa hoton wata a waya na rubuta ƙarƙashinsa, "Wata rana zan gan ka kusa." Rabilu ya gani, ya tambaya. Na yi masa bayani sama-sama, don na saba in na fara zancen taurari maza suna duba agogo. Shi bai duba ba. Ɗan kasuwa ne, aya da riɗi yake kaiwa ƙetaren iyaka, iliminsa na lakol, wato boko, bai yi nisa ba, amma yana da kunnen saurare.

Azumi ya kama. Kun san al'adarmu: mai neman aure yana aiko da sukari gidan surukai, a raba wa dangi da maƙwabta, unguwa ta san ɗiyar gidan tana da mai so. Ina dawowa daga lakol da rana tsaka, hijabina ya manne mini a wuya, na tarar da yayyensa mata biyu zaune a rumfa, sun sha atamfa iri ɗaya mai ganyen kore, hannu ya sha jan lalle. Gabansu kwalayen sukari, madara, shayi, dabino. A jingine da turken rumfa kuma, wani dogon kwali da ya kusa kai ni tsawo.

Gwaggo Auta, ƙanwar Baba, wadda katanga kawai ta raba gidanmu da nata, ta riga ta tsallako tana zagaya shi.

"Fanka ce mai tsayuwa," ta ce. "Wallahi yaron nan ya san zafi."

"Ba fanka ba ce, Gwaggo," in ji babbar yayar tana murmushi. "Na Madam ne. Da kansa ya shiga kasuwa ya nemo, mai shagon ya ce duk shagon babu babbansa."

Suka juyo mini da fuskar kwalin. Hoton Zuhal ne ƙato, launi-launi kamar kwallar amarya, ga wasu yaran Turawa suna dariya. A sama, da jan rubutu mai girman tafin hannu, ga lambar: sau ɗari shida da ɗoriya.

Gwaggo ta rangaɗa guɗa. Inna ta share ido da bakin zane. Ni kuwa na tsaya da jakar littattafai a kafaɗa, abu biyu suka taso mini lokaci guda har na rasa wanda zan haɗiye. Ba namijin da ya taɓa jin maganata har ya tafi kasuwa da ita. Kuma abin da ya sayo shi ne ainihin wanda Mushe Gado ya ce in bari inda na gan shi.

"Ba za ki yi godiya ba?" Inna ta ce ƙasa-ƙasa.

Na durƙusa na yi godiya.

Bayan an sha ruwa, kafin a tafi asham, na haɗa shi a tsakar gida. Watan bai kai rabi ba, yana saman bishiyar dogon yaro ta ƙofar gida. Madubin siriri ne, dogo, yana ta ƙyalli, bakinsa bai fi na kofin shayi ba. Ƙafafunsa uku kamar karan dawa. A cikin leda akwai ƙananan gilasai biyu da ake sakawa a wurin ido: ɗaya mai ƙara girma kaɗan, ɗaya mai cika alkawarin da ke kan kwali. Na sa na biyun, ban ga komai ba sai hazo fari yana lilo. Na sa na farkon. Da shi ana ganin watan, ba zan yi masa ƙarya ba, har da 'yan ramuka, amma gefensa shuɗi da ja kamar an zuba masa shuni. Kuma da ka taɓa, ya gudu. Ko numfashi ka yi da ƙarfi, ya gudu. Na tuna ajina, yara fiye da yadda benci zai ɗauka, suna turereniya. Na fari zai gani, na biyu zai ture, sauran sai labari.

Kaza ta bi ta ƙarƙashinsa, na rufe bakin da marfinsa na bi ta da tsintsiya. Kafin in dawo Gwaggo ta manna ido.

"Masha Allah! Tabarakallah! Na gan shi, Yaya, zo ki gani, kamar in taɓa!"

Inna ta zo ta leƙa, ta ce Masha Allah ita ma. Maƙwabciyarmu ta leƙa, ta ce ikon Allah. Marfin yana nan a rufe. Na buɗe baki, Inna ta kalle ni, na rufe.

Wayata ta yi ƙara, saƙon Rabilu ne.

"Ranki ya daɗe, an sha ruwa lafiya? Ya kika gan shi?"

"Lafiya lau. Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara buɗi."

"Amin. Amma ya kika gan shi? Kin ga mai zoben?"

Na rubuta, na goge. Na sake rubutawa, na goge. Inna tana naɗe tabarma, ko kallona ba ta yi ba ta ce, "Ki ce ya yi kyau."

"Inna, bai yi ba. An sayar masa da kwali ne. In ya mayar da wuri za a karɓa."

Ta saki tabarmar. "A mayar? Ke a wane gari aka haife ki? Kin taɓa ganin an mayar wa saurayi kaya ba korarsa aka yi ba? Kaya in suka shigo da guɗa, ba sa fita sai da kuka. Ki ajiye shi bayan gado. Ni da babanki ya kawo mini takalmi ya yi mini kaɗan, haka na sa shi har ya yage."

"Kin ji daɗinsa?"

"Na ji daɗin babanki."

Ban amsa saƙon ba a ranar. Na kwana ina juyi. Ba madubin ne ya hana ni barci ba. Tunanin da ya hana ni shi ne, in na ce Masha Allah yau, kullum sai na ce.

Ranar Juma'a bayan la'asar Rabilu ya zo. Muka zauna a zaure, shi kan kujerar roba, ni kan tabarma, tsakaninmu butar alwala. Ya sa shadda ruwan toka, hula ta zauna daidai, leɓɓansa sun bushe da azumi kamar nawa.

"Kin yi shiru," ya ce. "Ko ba ki iya haɗa shi ba? In kawo wanda zai haɗa?"

Kun ji fa. Ni za a kawo wa mai haɗawa.

"Na haɗa shi, Malam Rabilu. Kana son in faɗa maka gaskiya, ko in faɗa maka abin da Inna ta ce in faɗa?"

Ya yi dariya kaɗan. "Fara da na Inna."

"Ya yi kyau, Masha Allah."

"To na ji. Saura naki."

Na faɗa masa. Zancen baki, zancen ƙafa, zancen lambar kan kwali. Na yi ƙoƙari in sassauta murya, amma na san kaina, in na fara bayani sai na koma kamar ina gaban tablo. Ina magana fuskarsa tana rufewa a hankali. Ya cire hula, ya duba cikinta, ya mayar.

"Yini guda na yi ina yawo da azumi a bakina," ya ce. "Shago-shago. Ana yi mini dariya, wai mai aya ya zo sayen abin kallon taurari."

"Na sani. Shi ya sa ba na son kuɗinka su tafi a banza."

"Ba kuɗin ba ne." Ya gyara zama. "Ki ajiye shi. Ko ado ne. Bayan Sallah in sayo miki wanda kike so."

"In ajiye in yi me da shi? Duk wanda ya shigo in ce masa ga madubina, ya leƙa ya ce Masha Allah? Mai shagon zai karɓa?"

"Zai karɓa in kwalin bai lalace ba. Amma kin san mutanenmu, Safina."

"Kai nake tambaya, ba mutanenmu ba."

Ya miƙe yana gyara riga. "Yadda kika gani."

Ku da kuka fi ni sanin maza, na san abin da za ku ce: "yadda kika gani" ba izini ba ne. Ni a lokacin na ɗauke shi izini, don shi nake son ji. Ranar Litinin da safe na mayar da komai cikin kwali, na liƙe, na naɗe shi da tsohon buhu don kada a gane. Na fita da shi Inna tana wanka. A tasha na ba direban motar Gazawa, na kwatanta masa siton Rabilu da ke bakin kasuwa, na ce hannu da hannu, kada ya ba kowa. Na aika saƙo: "Na aiko maka siton, ba gida ba. Kayan na mayar, ba kai ba."

Saƙon bai shiga ba, ya ƙetara iyaka da kaya tun asuba. Direba ya tarar da sito a rufe. Mutumin kirki, ya ga bai kamata ya bar amana a titi ba, ya tambayi gidansu, ya kai har ƙofa, ya yi sallama ya ce, "Ga saƙo daga gidan amarya a Agiye." Buhun kuma ya zame a hanya.

Ina cikin aji Gwaggo ta yi ta kira. Da na dawo na tarar da Inna zaune a ƙasa, ba tabarma, ɗankwali a cinya. Hajiya Fadila, mahaifiyar Rabilu, ta yi waya. Ba ta yi zagi ba. Cewa ta yi ta ga saƙo, ta gode, kuma in sukarin ma bai yi zaƙi ba, kada a ji nauyi.

"Sukarin da unguwa ta shanye!" Gwaggo tana tafa hannu. "A ina za mu tattaro shi? Daga cikin kunun mutane? Ke dai wannan boko ya zame mana ciwo. Ana ba ki, kina auna baki da ƙafa kamar mai sayen rago!"

Inna ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Cewa kawai ta yi, "Na gaji, Safina." Na so in ce ni ma, sai na ga ba ni da wurin faɗa.

Kwanaki suka wuce. Saƙona ya shiga, ya karanta, bai amsa ba. Ina zuwa lakol, ina dawowa, ina soya ƙosai, ina tace kunun tsamiya, kowa yana magana da ni kamar mai jinya. A masallacin mata, da na shigo sai hira ta koma tasbihi. Baffa Haladu ya aiko a tambaye ni ko wannan ita ce amsata. Na ce a'a. Ya ce to mece ce? Na ce kwali ne kawai. Ya ce shi a shekarunsa bai taɓa ganin kwali kawai ba. Gwaggo ta kawo shawara: mu je Gazawa mu durƙusa, mu ce kuskuren direba ne, gyara aka aika a yi masa. Na ce ba zan je in yi ƙarya da azumi a bakina ba. Ta ce to in zauna in auri turmina.

Sai ga saƙonsa, layi biyu, ba gaisuwa.

"Hajiya ta hana a mayar da shi shago. Gobe za ta zo da shi ta duba da idonta. Ta ce in ta ga wata a ciki, raini ne. In ba ta gani ba, ni aka cuta."

Na karanta na ajiye wayar a kan katifa. Kun gane inda aka sa ni? Gilasai biyu ne a cikin ledar nan, kuma duk faɗin gidajen biyu ni kaɗai na san bambancinsu. In na sa mai cika baki, Hajiya ba za ta ga komai ba sai hazo, in fita fes. In na sa ɗayan, za ta ga wata.

Sun iso dab da magariba. Shi ya tuƙo ta, ya tsaya a zaure saboda kunyar Inna. Hajiya Fadila doguwa ce, ta yafa lafaya ruwan ƙasa, tabarau a goshi, carbi a hannu. Atamfa da kayan ɗaki take sayarwa tun kafin a haife ni. An shimfiɗa mata sabuwar darduma, Inna ta fito da kofunan da ba a taɓa sai da baƙi, ga kunu, ga ƙosai, ga kwaɗon zogale, ga zoɓo da ƙanƙara. Na sa doguwar riga baƙa da farin mayafi, na durƙusa nesa na gaishe ta. Ta amsa tana kallon kofinta.

Da aka yi sallah ta ce, "To, Madam. A kafa mana."

Na kafa. Hannuna yana cikin ledar, yatsuna suna taɓa gilasan biyu. Gwaggo ta matso kamar za ta taya ni, ta raɗa mini, "In akwai yadda za a yi kada ta gani, ki yi." Ashe ta san ranar da ta leƙa ba ta ga komai ba.

Wallahi na yi tunanin. Na gaji, kuma hanya ce mai sauƙi. Amma duk wannan wahalar a kan me na jawo ta? Na ɗauko mai ƙara girma kaɗan na saka. Na nemo watan, na daidaita, na ja da baya.

"Bismillah, Hajiya. Kada ki taɓa shi, ido kawai."

Ta ɗage tabarau, ta sunkuya. Gidan ya yi tsit, sai ƙarar cokali daga maƙwabta. Ta daɗe.

"La'ilaha illallahu," ta ce a hankali. "Ashe duk ramuka ne a jikinsa."

Inna ta runtse ido. Gwaggo ta zauna daɓas a kan turmi.

"Kai! Wa ya ture?" Hajiya ta ɗago. "Ya tafi."

"Ba kowa, Hajiya. Gefen lafayarki ne ya shafi ƙafar."

Na sake nemo mata. Ta sunkuya, ta yi tari kaɗan, ya sake tafiya. Na nemo. Iska ta kaɗa, ya tafi. A karo na gaba ba ta sunkuya ba. Ta kama ƙafa ɗaya da yatsu biyu ta girgiza, duk abin ya yi rawa har sama. Ta ƙwanƙwasa jikinsa da farce, ta saurari ƙarar, yadda na tabbata take yi wa kwanon da aka kawo mata talla.

"Na ga wata," ta ce. Ta juyo ta dube ni sosai, karo na farko. "Kuma ke kika sa na gan shi, ina kallon hannunki a cikin ledar can. Amma wannan gwangwani ne aka shafa wa fenti." Ta ɗaga murya wajen zaure. "Rabilu! Kai da kake tauna aya kafin ka saya, aka ba ka hoto a kwali ka biya? An cuce ka, ɗan nan, an yi maka wayon yara!"

Gwaggo ta fashe da dariya, ta sauƙin rai ce, na sani. Maƙwabta da suka leƙo ta katanga suka taya ta. Hajiya ta ci gaba, "Ke kuma, ba a aiko mini da kaya ta hannun direba. In kina da magana, ƙafa gare ki."

Na yi nasara ke nan, ko? Ban ji daɗinta ba ko kaɗan. Dariyar nan tana shiga zaure, kuma na san wanda ke zaune a can shi kaɗai. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Hajiya, ki gafarce ni, kada a yi masa dariya. Kowa ya shiga shagon nan wannan zai ɗauko, don haka aka yi kwalin. Maza nawa suka zauna a zauren can, ba wanda ya taɓa tambayata abin da nake so. Shi ya tambaya, ya yini yana nema da azumi. Madubin ne ba na so. Shi ina son sa."

A gaban uwarsa. A gaban Inna. Na ji maganar tana fita kamar wata ce ke yin ta. Inna ta rufe fuska da mayafi. Gwaggo ta saki baki, sannan ta tuna aikinta ta kama hanci za ta yi guɗa.

Hajiya ta ɗaga mata hannu. "Dakata, Auta. A leƙa zaure."

Gwaggo ta leƙa ta dawo. Kujerar roba ce kawai. Motar ma ba ta ƙofar gida. Ya ji dariyar, bai tsaya jin sauran ba.

"To," in ji Hajiya, ta koma kan darduma ta miƙe ƙafa. "Ya tafi ya bar uwarsa a garin mutane. In na kira ba zai ɗauka ba, na san halin ubansa. Ke kira shi. A nan, muna ji."

Na ɗauko wayar. Ta yi ta ringi har na fid da rai. Sai aka ɗauka. Bai yi sallama ba. Ina jin injin mota yana aiki, amma ba ƙarar tafiya.

"Malam Rabilu."

Na matse wayar a kunne na ci gaba.

"Ka dawo ka leƙa. Kai ka saye shi, kuma ko sau ɗaya ba ka sa ido a ciki ba."

"Kin ce ba a ganin komai." Muryarsa a dishe.

"Ana gani kaɗan. Sai dai wani ya durƙusa ya riƙe masa ƙafa." Idanunsu duka a kaina. "Zan riƙe."

Ya ja numfashi, na ji shi sarai. Sai layin ya yanke.

Ladan ya fara kiran isha'i. Ba wadda ta tashi yin alwala. Daga can wajen babban titi muna jin motoci, wasu suna yin gabas wajen Gazawa, wasu suna shigowa gari, kuma daga tsakar gidanmu ba a bambance su. Hajiya ta miƙa wa Inna kofinta a ƙara mata kunu. Ni kuwa watan ya riga ya fice daga madubin, na tattara rigata na durƙusa a ƙasa, na fara nemo shi.